Ba Mir Sadik Ne Ya Kayar Da Tipu Sultan Ba

Duk wanda ya taɓa jin labarin Tipu Sultan, mai yiwuwa a wannan sigar ya ji shi: jarumin sarki Musulmi a kudancin Indiya, Damisar Maisur, wanda Turawan Ingila suka kasa ci da yaƙi sai da suka saye wazirinsa Mir Sadik, shi kuma ya janye dakaru daga bakin ganuwa da sunan za a biya su albashi, abokan gaba suka kutsa. Ranar 4 ga Mayun 1799 ke nan, da tsakar rana, a Sirirangapatna, birnin da ke kan tsibiri a tsakiyar kogin Kaberi. Sai da dare aka zaƙulo gawar sarkin daga cikin tarin gawarwaki kusa da wata ƙofar ganuwa ta wajen kogi. Har gobe a Indiya da Pakistan, in aka kira ɗan siyasa Mir Sadik, an gama zaginsa.

Labarin yana da daɗi a kunne, domin yana wanke kowa ya bar mutum ɗaya da laifi. Ban ce babu munafukai a fadar ba, kowace fada da nata. Abin da nake cewa shi ne, ko da Mir Sadik waliyyi ne, da birnin ya faɗi a wannan bazarar ko ta baɗi. Maisur ta riga ta sha kaye shekara bakwai kafin a fasa ganuwarta. Mai son sanin dalili sai ya buɗe littafin haraji, ya ƙirga shanu, ya kuma duba su wane ne maƙwabtanta da abin da ya shiga tsakaninsu. Girman Tipu a nan yake, kuskurensa ma a nan yake.

Da farko, wa yake yaƙa? Ba sarkin Ingila ba ne kai tsaye. Kamfanin 'yan kasuwa ne, East India, wanda ya shigo da sunan sayen tufafi da kayan yaji. Bayan nasarar da ya samu a yaƙin Palasi a 1757, sai a 1765 Sarkin Mugal, Shah Alam na Biyu, ya damƙa wa kamfanin ikon karɓar harajin Bengal da Bihar da Orisa, yankin da ya fi ko'ina arziki a ƙasar. Daga nan kamfanin ya koma sayen kayan Indiya da kuɗin Indiya, da su kuma yake ɗaukar 'yan Indiya aikin soja. Mafi yawan waɗanda suka riƙe masa bindiga ba Turawa ba ne, kuma abin da ya jawo su shi ne albashi a kan kari. Manyan attajirai masu ba da rance su ma sun lura cewa wannan baƙon yana biyan bashi. Wannan shi ne makamin da babu wani sarkin Indiya da ya mallaki irinsa: in kamfanin ya sha kashi bana, ya ranto kuɗi ya dawo baɗi.

Haidar Ali, mahaifin Tipu, soja ne da bai iya karatu ba. Ya taso daga ƙasa har ya ƙwace ragamar Maisur a 1761, ya bar sarkin gidan Wodeyar da rawani kawai. A 1769 ya kai dawakinsa ƙofar Madaras, ya sa kamfanin ya rattaba hannu cewa in aka kai wa ɗayansu hari, ɗayan zai kawo ɗauki. Shekara biyu bayan haka Maratawa, maƙwabtansa masu ƙarfi na arewa, suka afka masa, Turawa suka yi kunnen uwar shegu. Da wannan darasin Tipu ya girma. A Polilur, cikin Satumbar 1780, uba da ɗa suka murƙushe rundunar Kanar William Baillie, suka kwashi fursunoni, cikinsu har da wani matashin hafsa mai suna David Baird, wanda ya yi kusan shekara huɗu a kurkukun Sirirangapatna. A riƙe sunan nan. Haidar ya rasu a Disambar 1782 ana tsakiyar yaƙi, Tipu ya gaje shi, ya kai rikicin ga sulhun Mangalor na 1784, inda wakilan kamfanin ne suka yi tattaki zuwa wurinsa, kowa ya mayar da abin da ya ci.

Abin da ya bambanta Tipu da takwarorinsa shi ne ya gane ba a yaƙar ɗan kasuwa mai bindiga da jarumtaka kaɗai, sai da baitulmali. Sai ya fara da ƙasa. A da, karkarar Maisur tana hannun ƙananan masu sarauta da ake kira palegar, kowanne da 'yar ganuwarsa da mayaƙansa, ya karɓi haraji daga manomi, ya cika cikinsa, ya aika wa fada abin da ya ga dama. Haidar ya fara karya su, Tipu ya ɗora. Ya ƙwace yankunansu, ya karɓe gonakin da mutane ke ci ba haraji ba kuma takardar shaida, ya naɗa ma'aikata masu albashi. Kowace gunduma da amil ɗinta, wanda ke aiki da dagaci da magatakardan ƙauye. A lardi kuwa, mai kula da kuɗi daban, mai kula da soja daban, don kada jaka da takobi su haɗu a hannu ɗaya. Dokokin harajin a rubuce suke sashe-sashe, har kwafinsu ya faɗa hannun Turawa suka fassara a 1792. A ciki an umurci amil ya riƙa zagaya ƙauyuka, ya ba manomin da ba shi da hali rancen garma da iri, wanda ake kira takawi. Wanda ya share saura ko ya sari sabon daji, a sassauta masa haraji a shekarun farko. An hana dagatai sa talakawa su nome musu gona ba lada. Akwai ma sashen da ya ce mai ƙaramin laifi, maimakon tara, ya dasa itatuwa irin su mangwaro a bakin ƙauyensu, ya yi ta ba su ruwa har su kama. Kada a ɗauka tausayi ne zalla. Manomin da ya samu garma shi ne zai biya harajin da za a dafa albarushi.

Akwai wata ma'aikata da ba a cika ambatonta ba, alhali a ganina ta fi rokokin da ake ta yayatawa amfani: ta kiwon shanu. Gwamnati tana da garkunan wani irin sa mai tsayayyen ƙaho, mai saurin tafiya da jure wahala, a ƙarƙashin ma'aikatar da aka sani da Amrit Mahal, da makiyaya ta musamman da aka keɓe musu. A yaƙin wancan zamani sa shi ne mota. Shi ke jan igwa, shi ke ɗaukar hatsi da albarushi, kuma babbar igwar fasa ganuwa guda ɗaya takan ci shanu gommai kafin ta motsa. Rundunar da shanunta suka fi sauri ita ke zaɓar inda za a gwabza da ranar da za a gwabza.

Daga ƙasa sai kasuwa, kuma a nan ne tunaninsa ya fi ban mamaki. Tunda abokin gabansa kamfani ne da ya zama gwamnati, sai ya so ya mai da gwamnatinsa kamfani. Masoro da itacen sandal da kadamon da giwaye, duk ya ce gwamnati ce kaɗai za ta saya ta sayar da su waje, ya kuma hana a sayar wa Ingilishi. Ya buɗe gidajen ciniki a Maskat da Kuch, inda wakilansa ke kai shinkafa da sandal da masoro su sayo abin da ƙasar ke buƙata. Ya aika a nemo masa tsutsar siliki daga Bengal da ta hanyar Maskat, ya sa a shuka itacen da take ci. Wannan kam ya kama: jihar Karnataka, inda Maisur take a yau, ita ce kan gaba a Indiya wajen samar da silikin wannan tsutsa. Dokokin cinikinsa na 1793 da 1794 sun ma buɗe wa talaka ƙofar zuba jari a kasuwancin gwamnati. Wanda ya ajiye daga rupi 5 zuwa 500 za a ba shi ribar kashi 50 cikin ɗari a shekara, daga 500 zuwa 5,000 kashi 25, abin da ya haura haka kashi 12. A lura da yadda aka juya tsarin: ƙaramin mai ajiya shi ya fi samun kaso.

To amma a yi lissafi. Ka karɓi rupi 100 ka mayar da 150 bayan shekara, da wace riba? Kayan da za su haifar da ita dole su bi teku, teku kuwa tana hannun jiragen yaƙin Ingila. Jiragen ruwan yaƙin da ya tsara ginawa a 1796 ba su kai ga kammala ba har ya mutu. Sannan duk inda gwamnati ta zama ita kaɗai ce mai saye, ita ke yanka farashi, manomin masoro kuwa ba wawa ba ne: in ya ji an fi biya a ƙetaren iyaka, da dare zai bi ta cikin daji da buhunsa. Hana ciniki da yankunan kamfanin ya cutar da Ingilishi, amma ya fi cutar da fataken Maisur da suka saba bin waɗannan hanyoyi. Kamfanin Ingila ya mai da attajiran Indiya abokan cin riba. Tipu ya mai da nasa attajiran ma'aikata ko kishiyoyi, sai ya wayi gari ba mai ranta masa da daɗin rai.

Rokokinsa sun cancanci sunan da suka yi, in dai ba a wuce gona da iri ba. Roka ba sabon abu ba ne a Indiya ko Turai, sai dai ta Turai a lokacin da takarda ko katako ake yi mata gida, in aka cika albarushi sai ta fashe. Maƙeran Maisur suka ƙera gidan da ƙarfe: bututu mai tsawon kamar santimita 20, faɗinsa daga kamar santimita 4 zuwa 8, a toshe kai ɗaya, a dunƙule albarushi a ciki, a ɗaure a jikin gora mai tsawon fiye da mita ɗaya don ta daidaita tafiyarta. Tunda ƙarfe yana jure matsin wuta, sai ta yi nisan da ta takarda ba ta yi, manyan cikinsu har kusan kilomita biyu. Kundin dokokin sojansa, Fathul Mujahidin, ya tanadi masu harba roka 200 ga kowace birged. A 2018 an tono fiye da guda 1,000 daga wata tsohuwar rijiya a Nagara, a gundumar Shibamoga. Bayan faɗuwar birnin an aika samfuri zuwa Woolwich a Ingila, inda William Congreve ya gina nasa a kai, Ingila ta ƙona Kopenhagen da su a 1807. Aibinta ɗaya ne, kuma babba ne: ba ta da saiti. Tana firgita dawaki, ta tarwatsa shanu, in an yi sa'a ta faɗa kan keken albarushi. Amma ba ta tsayar da sahun sojan ƙasa da aka horar ya ci gaba da tafiya ko ana mutuwa a gefensa.

Wasu gyare-gyaren nasa kuwa, ana iya wucewa da sauri. Ya sa wa daularsa suna Sarkar Khudadad, wato baiwar Allah. Ya buga kuɗi da sunaye irin su Ahmadi, Siddiƙi, Faruƙi, Usmani da Haidari. Ya hana sayar da giya duk da harajin da take kawowa. Ya ƙirƙiro kalandar Mauludi mai ƙirga daga haihuwar Annabi (SAW), kuma akwai hikima a ciki, domin shekarar Hijira ta gaza ta rana da kwana 11, in aka bi ta lokacin karɓar haraji zai riƙa zamewa daga lokacin girbi. Sai dai bai tsaya nan ba: sunayen watanni, sunayen garuruwa, ma'auni, duk ya sake su. Magatakardan da aka ce ya tara kuɗin yaƙi ga shi yana haddar sabon sunan wata. Sarkin da abokan gaba suka kewaye ba shi da lokacin irin wannan kwalliya.

Yanzu ga wurin da masoyansa ba su son a taɓa. A 1784 ya sa aka kwashe Kiristocin Katolika na yankin Mangalor, dubun-dubatarsu, aka kora su a ƙasa zuwa Sirirangapatna bisa zargin sun taimaki Ingila. Da yawa sun mutu, waɗanda suka rayu kuma ba su samu 'yanci ba sai 1799. Mutanen tsaunukan Kodagu da suka yi ta yi masa tawaye, da Nayar na Malabar, su ma an kwashe su, an tilasta wa wasunsu shiga Musulunci. Masana sun saɓa a kan adadi, kuma Turawa sun ƙara gishiri don su halatta yaƙinsu, amma wasiƙun Tipu na kansa suna alfahari da wasu daga cikin waɗannan ayyuka. Musulmin da ya san babu tilas a addini ba shi da bakin kare wannan.

Maƙiyansa su ma akwai wurin da ba su son a taɓa. A 1791 mayaƙan ɓangaren Maratawa, waɗanda Hindu ne, suka washe babbar cibiyar addinin Hindu ta Siringeri. Shugabanta wurin Tipu ya kai kuka, Tipu ya aika kuɗi da kaya a gyara, kuma wasiƙun da ya rubuta masa da harshen Kannada, kusan 30, an gano su a 1916. Babban jami'in kuɗinsa, Purnaiya, Hindu ne. Haikalin Ranganata yana tsaye dab da fadarsa bai taɓa shi ba. Ya kuma yaƙi Musulmi 'yan'uwansa, Nizam, sarkin Haidarabad, a kan gaba. In aka haɗa ɓangarorin biyu, abin da ya fito ba mahaukacin addini ba ne, ba kuma gwarzon zaman tare ba. Sarki ne mai kyauta ga waɗanda suka bi a tsakiyar ƙasa, mai azaba marar iyaka ga mutanen bakin iyaka da yake zargi. Bayan zalunci ne, a siyasance ma asara ce. Sarkin Kodagu, Bira Rajendra, ya tsere daga hannunsa a 1788, ya ƙulla da Ingila a 1790, ya buɗe wa rundunar kamfanin ta Bombai hanyar tsaunukansa, ya ciyar da ita. Sarakunan Malabar su ma suka bi. Tsaunukan da Allah ya yi wa Maisur katanga ta yamma, Tipu da hannunsa ya mai da su ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Neman abokansa kuwa duk a ƙetaren teku ya yi shi. Jakadun da ya tura Santambul a ƙarshen 1785 sun dawo da takardar amincewar Sarkin Usmaniyya da sarautarsa, ba soja ko ɗaya, domin daular tana fama da Rasha. Waɗanda ya tura Faransa sun gana da Sarki Louis na 16 a Agustan 1788, sun dawo da tangaran da 'yan masu sana'a; shekara guda bayan haka juyin juya hali ya tashi. Ya kamata a ce ya riga ya san halin Faransa, don a 1783, yana tsakiyar kewaye Mangalor, labarin sulhu ya zo daga Turai, sojojin Faransa da ke tare da shi suka ajiye makamai. Abokan da za su yi amfani suna nan kusa: Maratawa a Puna, Nizam a Haidarabad. Gaskiya ne su ma ba su ƙaunarsa: suna ganin gidansu ɗan tasowa ne da ya cinye musu ƙasa. Amma a 1780 an taɓa haɗa Haidar da Nizam da Maratawa a sahu ɗaya a kan kamfanin, har sai da Warren Hastings, Gwamna Janar na kamfanin, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya raba. Abin da ya taɓa yiwuwa, ana iya sake sayensa da 'yan gundumomi. Tipu ya zaɓi ya yi yaƙi da su biyun daga 1785 zuwa 1787.

Sannan ya miƙa wa Lord Cornwallis, Gwamna Janar na kamfanin a lokacin, hujja a faranti. Sarkin Tirabankor, wata masarauta a can kudu, ya sayi wasu ganuwoyi biyu daga Turawan Holan, Tipu ya ce suna cikin ƙasar wanda ke biyansa gandu, ya kai hari kan katangar Tirabankor a ƙarshen Disambar 1789. Tirabankor kuwa tana cikin ƙawayen kamfanin. A tsakiyar 1790 Cornwallis ya ƙulla ƙawance da Nizam da Maratawa, su uku a kan ɗaya.

Abin da ya faru a Mayun 1791 shi ne hujjata mafi ƙarfi. Cornwallis ya ci Bangalor a Maris, ya iso kusa da Sirirangapatna, ya ma yi nasara a fagen fama. Amma Tipu ya riga ya ƙone ciyawa da rumbuna a duk hanyar, dawakinsa kuma sun datse saƙo da guzuri. Shanun Ingilishi suka riƙa faɗuwa matattu, soja suka shiga yunwa, har Cornwallis ya lalata manyan igwoginsa na fasa ganuwa da kansa ya juya baya. Dabarar Tipu ta ci. Ana cikin wannan janyewa sai ga rundunonin Maratawa sun ɓullo, da kasuwarsu ta tafi-da-gidanka cike da hatsi. Da tsada suka sayar, amma rundunar ta rayu. Da Maratawa sun zauna a gida kawai, ba ma sai sun taimaki Tipu ba, da labarin ya sha bamban. A Fabrairun 1792 Cornwallis ya dawo da sababbin shanu da dubban fataken hatsi na Banjara.

Sharuɗɗan sulhun Maris 1792 su ne ainihin mutuwar Maisur. Rabin ƙasar ya tafi, aka raba tsakanin ƙawayen uku. Diyyar yaƙi rupi miliyan 33, rabi nan take, saura kashi-kashi. Ƙananan 'ya'yansa biyu, Abdul Khaliƙ da Mu'izuddin, aka tafi da su Madaras garkuwa, ba su dawo ba sai 1794. A cikin abin da aka yanke akwai Malabar, wato masoron da aka gina cinikin gwamnati a kansa, da Baramahal da Dindigul, wato mashigan tsaunuka ta gabas. Ya biya kuɗin, abin a yaba. Amma daga ina? Daga rabin manoman da suka rage, waɗanda aka ƙara wa haraji. Rashin yarda ya kama shi, ya riƙa fifita Musulmi a manyan muƙaman haraji ko da ba su ƙware ba, ya sa a riƙa rubuta lissafi da Farisanci, yana rantsar da ma'aikata da Alƙur'ani. Jami'an Ingila da suka gaji littattafan sun ce abin da ke isa baitulmali ya gaza abin da aka rubuta nesa ba kusa ba. Shaidar abokin gaba ce, a rage mata wani abu, amma duk wanda ya san aikin haraji ya san in aka ɗora wa ma'aikaci adadin da ƙasa ba za ta iya bayarwa ba, ƙarya zai rubuta. Abin dariya, ko na kuka, shi ne a Baramahal ɗin da aka ƙwace ne jami'an kamfanin, Alexander Read da Thomas Munro, suka fara gwada karɓar haraji kai tsaye daga manomi, tsarin da daga baya ya game lardin Madaras, a kan filin da Haidar da Tipu suka riga suka share daga 'yan tsakiya.

Sauran labarin gajere ne. Ya tura jakadu a asirce zuwa tsibirin Morishiyos, wanda ke hannun Faransa a lokacin, neman soja, gwamnan tsibirin, Malartic, ya buga sanarwa a fili a Janairun 1798 yana neman masu sa kai. Mutum kusan 100 suka zo. Sanarwar kuwa ta isa Kalkata, hannun sabon Gwamna Janar Richard Wellesley, wanda dama neman dalili yake. Napoliyon ya sauka Masar a wannan shekarar, amma Nelson, kwamandan jiragen yaƙin Ingila, ya nutsar da jiragensa a Agusta, wasiƙar da Napoliyon ya rubuto wa Tipu ma a hannun Ingila ta faɗa. A Satumba Nizam ya sa hannu a kan yarjejeniyar da ta ajiye masa sojan kamfani a ƙasarsa da kuɗinsa, aka kuma wargaza rundunarsa ta kusan mutum 14,000 da hafsoshin Faransa ke jagoranta. Wellesley ya yi ta cin bashi, har bashin kamfanin a Indiya ya kusa ninkawa a zamaninsa, kuma ya samu masu ba shi. Janar George Harris ya iso bakin birnin a farkon Afrilun 1799, ya nemi rabin abin da ya rage na ƙasar, da rupi miliyan 20, da 'ya'ya huɗu da manyan hafsoshi huɗu garkuwa. Tipu ya ƙi, kuma a nan ba na ganin laifinsa. Aka fasa ganuwar ta kusurwar arewa maso yamma, tun kogi bai cika da ruwan damina ba. Wanda ya jagoranci kutsen shi ne David Baird, tsohon fursunan Polilur.

Abin da aka yi da ƙasar bayan nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Aka ɗauko yaro ɗan shekara biyar daga gidan Wodeyar aka naɗa, aka bar Purnaiya yana riƙe da littattafan da ya saba riƙewa, aka ajiye Bature a gefe da muƙamin Razdan. Frederick Lugard, wanda ya kawo mana Razdan bayan 1900, a Madaras aka haife shi a 1858, a Indiya kuma ya yi farkon aikinsa na soja.

Indiyawan yau suna ta jan gawar Tipu kowa zuwa ɓangarensa. Gwamnatin Karnataka ta jam'iyyar Congress ta fara bikin tunawa da haihuwarsa a 2015, ta BJP ta soke a 2019. Wani takobinsa kuwa an yi gwanjonsa a Landan a 2023 a kan fam miliyan 14. Kowa takobin yake kallo.

Maratawan da suka ciyar da Cornwallis ba su daɗe suna murna ba. A 1803 ƙanen Gwamna Janar, Arthur Wellesley, wanda aka ba riƙon Sirirangapatna bayan faɗuwarta, ya tashi daga ƙasar Maisur ya nufi arewa, Purnaiya yana aika masa da guzuri. Ya tsere wa tsammanin kowa da saurin tafiyarsa, ya karya rundunar Maratawa a Asaye ranar 23 ga Satumba. Shanun da suka ja masa igwa, daga garkunan Tipu aka kwaso su.